Waken da Yaya Ya Kawo Ajiya

A ƙauyen da aka kai ni aure, can gefen Bagwai, Duba-gari matan unguwa suke kirana, kuma ba don yabo ba. Idan na shiga gidan mutane barka ko ɗibar wuta, idona ba ya zama wuri ɗaya. In na ga lauje a yashe a tsakar gida sai na ɗauke, in na ga tukunyar ruwan zafi a ƙasa yara na wasa kusa da ita sai na yi magana. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. A gidana kuwa rijiyarmu tana da murfin tsohon kwano da dutse a kai. Murhuna na zagaye shi da ɗan gini na laka saboda masu rarrafe. Kananzir ban ƙara zuba shi a kwalbar lemo ba tun da na ga abin da ya sami ɗan maƙwabciyarmu da ya kurɓa yana tsammanin ruwa ne.

Ba da wannan hali aka haife ni ba, yayana ne ya koya min. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, mahaifiyarmu ta bi shi ba da daɗewa ba, sai riƙona ya koma hannun Yaya, shi kansa a lokacin bai daɗe da fara gemu ba. Ina da tabon ƙuna a cinyata ta hagu, na kunun da ya zubo min ina 'yar mitsitsiya. Shi ya saɓa ni a kafaɗa ya bi ta cikin gonaki da gudu zuwa wajen mai magani, kuma daga ranar ya hana a sauke abu mai zafi a ƙasa a gidanmu. Shi ya aurar da ni, ya yi min kayan ɗaki daidai ƙarfinsa. Auta yake ce min, har bayan na haifi 'ya'ya uku. In Yaya ya ce min abu kaza haka yake, ba na sake tambayar kowa.

Gidan aurena ƙarami ne. Daga ni sai maigidana, wanda nake ce wa Malam, sai mahaifiyarsa Inna, sai yaranmu. Inna tsohuwa ce mai sanyin hali, ba ta da ƙarfin ƙirji sosai, amma ba ta zama haka nan. Ko kaɗi take yi ko gyaran kuka ko ɓarar gyaɗa. Ɗakinta ciki da falo ne irin na da, ginin ƙasa, ƙuryar ba ta da taga sai wata 'yar kafa can sama da ake toshewa da tsumma, kuma labule ne kawai tsakanin ƙuryar da inda take kwana. 'Yata ta biyu, wadda a lokacin ba ta shiga makaranta ba, a wajenta take kwana tun da aka yaye ta. Inna na kiranta ƙawata. Tare suke cin tuwo a kwano ɗaya, tare suke faɗa, tare suke shiryawa.

Shekarun nan na tsanani ne, waɗanda duk wanda ya gan su ba ya son tuna su. Taki ya gagari talaka, gonakinmu kuma ƙanana ne, an raba an sake rabawa har ta kai in ka tsaya a tsakiyar gonarka kana jin tarin maƙwabcinka. Abin da muke samu da kaka ba ya kai mu bazara. Man fetur sai an kwana a layi, kananzir ma haka. Saboda haka da an gama girbi Malam yakan tafi Watari aikin lambu a gonakin masu hali, ya yi kwanaki a can, ya dawo da ɗan abin da ya samu da ragowar tumatir da albasa a buhu.

Yaya shi ma yanayin ya taɓa shi, amma shi mutum ne mai dabara. Ya bar noma ya kama sayen hatsi da kaka yana ajiyewa sai kaya sun yi tsada ya fitar. Gidansa yana wani gari a bakin titi, tafiyar hantsi daga wajenmu. A shekarar da nake ba da labari, wake ya saya da yawa.

Da sanyi ya fara shigowa sai ga shi wata rana da yamma, yana tafe a gaban amalanken shanu, an lafto buhuna. Malam yana gida ranar, washegari zai koma Watari. Suka gaisa a zaure, sannan Yaya ya shigo ya durƙusa ya gaida Inna kamar yadda ya saba, ya ajiye mata goro.

"Inna, alfarma na zo nema," in ji shi. "Gidana a bakin hanya yake, ɓarayi sun fara damun mu. Shekaran jiya aka haura gidan maƙwabcina. Na ce bari in kawo wannan ɗan waken nan wajenku ya zauna zuwa bazara."

Malam ya ce a zuba a zaure, tunda akwai fili. Yaya ya girgiza kai, ya ce zaure kowa na gani, gara wurin da ido ba ya kaiwa. Ɗakina cike yake da yara da tarkace. Inna ce da kanta ta ce a kai ƙuryarta.

"Me nake ajiyewa a ciki in ban da tsofaffin ƙore?" ta ce. "Ɗan'uwan 'yar nan ai ɗana ne. Ku shigar."

Ni ce na tsaya a bakin ƙofar. Na san abin da masu ajiyar wake suke yi. Akwai wata ƙwaya da ake sayarwa a kasuwa, toka-toka, ana ƙulle ta a tsumma a cusa cikin buhu, tana fitar da iska mai kashe ƙwari. Na taɓa jin an ce ba a kwana wuri ɗaya da ita. Na dubi Yaya na ce, "Yaya, da magani a ciki?"

Ya yi murmushi, irin wanda yake min tun ina yarinya in na yi tambayar da ta ba shi dariya.

"Auta ke nan. Ni zan kawo magani gidan da 'ya'yanki suke? Toka ce da barkono, yadda Baba yake yi. Sai dai buhunan na tafarnuwa ne a da, a kasuwa na saye su. In kin ji ɗan wari kada ki damu, zai baje."

Na matsa daga bakin ƙofar. Har na taya su ɗage labule. Aka jera buhunan har kusan rufi, Yaya ya sha fura, ya ɗauki yaran ɗaya bayan ɗaya ya yi musu wasa, ya tafi kafin magariba. Da safe Malam ya kama hanyar Watari.

A safiyar nan Inna ta tashi da ciwon kai. Yarinyar ma ta ƙi karyawa, tana cewa cikinta na murɗawa. Abin da ya fara zuwa raina gawayi ne, domin na sha hana Inna shiga da kasko ɗaki ta rufe ƙofa. Na tambaye ta, ta rantse ba ta kunna ba, na duba kuma ban ga toka ba. Warin tafarnuwa na nan a ɗakin kamar yadda Yaya ya faɗa, har Inna tana tsokana wai an mayar da ita 'yar kasuwa. Da rana ta yi suka fito tsakar gida suka sha iska, sai jikin ya yi musu sauƙi, yarinyar har ta yi wasan ƙasa da 'yan'uwanta. Muka ce sanyi ne. Inna ta sa na ƙara toshe kafar nan ta ƙurya, na kuma rataya mata tsohon bargo a bakin ƙofa don kada iska ta shiga.

Washegari abin ya fi na jiya. Yarinyar ta yi ta amai, idanunta sun faɗa, tana numfashi sama-sama. Inna ta ce ƙirjinta kamar an ɗora dutse. Na dafa musu ganyen darbejiya, na aika aka sayo ƙwayar zazzaɓi a wajen mai tebur. Da yamma na ce yarinyar ta dawo ɗakina don in riƙa duba ta. Ta yi kuka ita sai wajen ƙawarta, na ɗauke ta da ƙarfi. Na ce wa Inna ita ma ta zo mu kwana tare. Ta ƙi. Ta ce ba ta taɓa kwana a ɗakin surukarta ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba.

Kullum Inna ce take fara tashi a gidan. Ƙarar butarta ce take tashe ni. Ranar ban ji ba. Na idar da salla, gari ya fara haske, na je na yi sallama a ƙofarta, shiru. Na ɗage bargon. Tana kwance a ƙasa kusa da ƙofa, hannunta ɗaya a miƙe, ga alama fitowa take son yi ƙarfinta ya ƙare. Ta yi amai a jikin zaninta. Idonta a buɗe, tana ganina, amma magana ba ta fita. Warin da ya buge ni ranar ya wuce na tafarnuwa, har da wani ƙarni kamar na ruɓaɓɓen kifi, nan take kaina ya sara. Da na sunkuya zan ja ta waje sai na ga ɓeraye a mace a gindin labule, da kazar nan tata da take ƙwai a ƙarƙashin gado, ta sandare.

Na jawo ta tsakar gida, na kira maƙwabta. Mota babu a ƙauyen, mai babur ɗaya da muke da shi ba shi da mai. A amalanke aka shimfiɗa ta, ni kuma na goya yarinyar, muka bi hanya har bakin titi, muka tsaya jiran abin hawa rana tana ta ɗagawa. Na riƙe kan Inna a cinyata ina shafa mata ruwa. Sau ɗaya ta motsa baki, na kai kunne, sai na ji tana tambayar ƙawarta. Na ce ga ta nan a bayana.

A asibiti ma'aikacin da ya karɓe mu ya duba su duka biyu, ya sunsuni zanin Inna, sannan ya tambaye ni abin da muke ajiyewa a ɗakin da suke kwana. Na ce wake ne. Ya ce da maganin ƙwari a ciki? Na ce a'a, toka ce da barkono. Ya dube ni, ya sake tambaya a hankali. Na sake ba shi amsa ɗaya, har da ɗan zafi, na ce na yayana ne, shi ya faɗa min da bakinsa. Bai ja da ni ba. Ya ce a aika gida kada kowa ya shiga ɗakin, a buɗe ƙofa, a kori yara daga wajen.

Sun yi iya ƙoƙarinsu. Yarinyar aka sa mata ruwa, zuwa la'asar ta buɗe ido ta nemi abinci. Inna kuwa ba ta kai magariba ba. Malam ya iso daga Watari da laka a ƙafarsa, ya tarar an riga an rufe mata fuska.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Malam ya ɗaure hancinsa da rawani, shi da ƙaninsa na gidan baffansa suka jajjawo buhunan zuwa bayan gida, gindin wata kuka. Ya sa lauje ya farke ɗaya. Waken ya zubo, fari tas, babu toka ko ta shafawa, babu barkono. A tsakiya sai ga ƙullin tsumma, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya kwance da tsinke, wani gari mai launin toka ya zube. Ya farke na biyu, haka. Ledar da aka sa a cikin buhunan don ta riƙe iskar maganin duk a yage take. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ko a lokacin ban yarda ba. Na ce, "Malam, wataƙila waɗanda ya saya a wajensu ne suka sa. Yaya bai sani ba. Wallahi bai sani ba."

Ya ce, "Allah ya sa haka ne."

Yaya ya zo jana'iza, ya zauna a tabarmar makoki tare da maza yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Da ya shigo yi min ta'aziyya idonsa ja, ya ce, "Auta, sai haƙuri." Na so in tambaye shi, amma ɗakin cike yake da mata, kuma a gaskiya tsoron amsar nake ji. Na bar shi ya fita.

Ranar sadakar uku matarsa ta zo. Mace ce mai yawan magana, ba ta da mugunta, sai dai abin da ke cikinta ba ya kwana. Ta same ni a madafa ni kaɗai ina kwashe tuwo, ta tsuguna kusa da ni ta fara kuka.

"Ni na san za a yi haka," ta ce. "Na gaya masa. Wancan watan da ya sa magani a waken farko, a ɗakin da ke jikin namu, kwana muka yi yara na amai. Ƙaramin har ya suma, sai da muka kwana biyu a gidan maƙwabta. Da ya sayo wannan na ce wallahi ko ni ko waken nan a gidan. Ya ce to zai kai shago a kasuwa. Ban san nan ya nufo ba sai da mai amalanke ya dawo."

Na ajiye mara. Na ce, "Shi ya sa maganin?"

"Da hannunsa, a safiyar da ya taho. Har ninkawa ya yi, wai na farkon ƙwari sun taɓa." Sai ta ga fuskata, ta kama bakinta. "Na ɗauka kin sani. Don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Ban yi kuka ba a lokacin. Na ci gaba da kwashe tuwon har na gama, na jera kwanuka, na aika wa maza nasu. Abin da yake ta dawo min a rai ba maganin ba ne, maganar tafarnuwar ce. Ashe tun a hanya ya san zan ji wari, ya san zan tambaya, domin shi ya koya min tambaya. Ya zauna ya shirya amsar da za ta rufe min baki, ya zo da ita a shirye kamar yadda ya zo da goron Inna. Ya kwashe 'ya'yansa daga bakin abin, ya kawo shi inda tawa take kwana, ya ɗauke ta ya yi mata wasa, ya tafi.

Da yamma na aika a kira min shi daga wajen maza. Muka tsaya a lungun rijiya inda ba kowa. Tunda nake ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

"Yaya, na tambaye ka ko da magani."

Ya kawar da kai. "Wa ya gaya miki wani abu?"

"Malam ya farke buhu."

Ya ce, "Kowa yana sawa, Auta. Duk kasuwa haka ake yi. In ban sa ba kafin bazara gari zan tarar. Duk abin da na mallaka yana cikin buhunan nan."

"Na sani. Amma na tambaye ka."

"Da na gaya miki da kin ƙi."

"Da na ƙi," na ce.

"To kin gani. Ni na ɗauka ƙurya ce, da labule, ba zai kai ga mutum ba. Kuma tsohuwar nan dama ba lafiya ce ta ishe ta ba, kowa ya sani. Kwananta ne ya ƙare."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Na ba shi lokaci sosai, ina jin muryoyin mata a cikin gida da ƙarar kwanuka. Da ya ga shirun ya yi yawa sai ya gyara hularsa, ya rage murya ya ce, "Waken yana ina yanzu? Kada raɓa ta taɓa shi."

Na juya na shiga gida.

Ba a yi sadakar bakwai ba sai ga mai amalanken nan ya dawo, shi kaɗai, wai an aiko shi ɗaukar kaya. Ƙannen Malam suka taso masa, har wani ya ɗauko sanda. Malam ya hana. Ya ce bawan Allah nan aiko shi aka yi, a bar shi ya kwashe, ba ya son ya sake buɗe ido ya gan su a bayan gidansa. Aka ɗinke waɗanda aka farke, aka loda. Daga baya na ji an sayar da waken da bazara, an kuma ci riba.

Ni ce na gaya wa Malam abin da matar Yaya ta faɗa, ban ɓoye komai ba. Na ce in yana son kai ƙara wajen dagaci ko gaba da nan, zan tsaya in ba da shaida. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "In na kai shi, kawun 'ya'yana na kai. Inna kuma ba za ta dawo ba." Bai taɓa ce min ɗan'uwanki ne ya kashe min uwa ba, ko sau ɗaya, ko a cikin faɗa. Da ya faɗa wataƙila da na fi samun sauƙi. Sai dai ya daina cin wake. In na dafa ba ya magana, sai ya ture kwanon a hankali ya ce ya ƙoshi, har na daina dafawa. 'Yan'uwansa mata kuwa ba su yi min wannan kawaicin ba. Shekara da shekaru in na shiga taro sai hira ta tsaya.

Na ɗauka dangina za su kira Yaya su yi masa faɗa. Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a lokacin, ya yi tattaki ya zo har gida. Na shimfiɗa masa tabarma ina murna a raina, na ce yau za a faɗi gaskiya. Ashe ni ya zo yi wa faɗa. Ya ce ya ji ina yawo da magana, ina ɓata sunan gidanmu a wajen surukai. Ya ce wanda ya riƙe ni ya aurar da ni bai cancanci haka daga gare ni ba. Ya ce ƙaddara ce, musulmi kuma ba ya jayayya da ƙaddara.

Na ce, "Baffa, na yarda da ƙaddara. Ƙaryar ce ban yarda da ita ba."

Ya ce in rufe bakina, in shirya in je in gaida yayana, domin gaba haramun ce. Na je. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara, na ce suna lafiya. Matarsa ta kawo abinci na ce ina azumi. Haka muka ci gaba. Ina gaishe shi a suna da biki da makoki, ba na tsallake shi a hanya, amma ban sake zama na yi hira da shi ba, shi ma bai nema ba. Da salla yakan aiko wa yara da yadi. Ina karɓa in ɗinka musu, don ba su san komai ba.

Yarinyar ta tashi, amma ƙirjinta bai koma daidai ba. Duk sanyi sai ta yi ta tari, ba ta iya daka mai yawa, ba ta iya gudu kamar sa'o'inta. Ta daɗe tana zuwa ƙofar ɗakin Inna ta tsaya. Ɗakin kansa ba wanda ya sake kwana a ciki. Da damina ta zo rufin ya fara yoyo, Malam bai gyara ba, har ya rufta, muka mayar da wurin turken awaki. Sai da yarinyar ta yi aure ta haihu sannan na gaya mata yadda abin ya faru, ranar da na je gidanta na tarar mijinta ya jingine buhunan masara a ɗakin kwanansu. Na sa aka fitar da su a gabana, aka buɗe kowanne na duba da idona, duk da ya rantse min babu komai a ciki, kuma babu ɗin. Ya ji haushi, na ba shi haƙuri, amma ban fasa ba.

Yaya ya tsufa, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, kasuwancin ma ya daɗe da karyewa. Wata rana aka aiko cewa jikin ya yi tsanani, yana nemana. Malam ya riga ya rasu a lokacin. Na tafi tare da 'yar tawa. Muka same shi a kan katifa a ƙasa, ya rame har ban gane hannunsa ba. Ya sa aka fitar da kowa sai ni da shi. Ya yi ta maganar da, gonar mahaifinmu, da wata akuya da muka taɓa yi mai cin sabulu, har ya yi dariya tari ya sarƙe shi. Ina zaune ina jira. Na ce a raina ko yanzu ya faɗa, ko da kalma ɗaya ce, zan karɓa.

Can ya kamo hannuna ya ce, "Auta, rai ba tabbas. Mu yafi juna."

Na duba cikin raina ko akwai abin da na yi masa da zai yafe min, ban samu ba. Na ga kuma iyakar abin da zai iya ke nan, ba zai ƙara ba. Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Yaya." Ya saki hannuna, ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya.

A hanyar komawa muna tafe a gefen gonaki, dawa ta fara fitar da kai, 'yata ta tambaye ni ko ya nemi gafara. Na gaya mata abin da ya ce, kalma da kalma. Muka yi 'yar tafiya, sannan ta ce, "Ke kuma kin yafe?"

Na ce ina ƙoƙari. Ta tsaya ta yi tari, na jira ta, muka ci gaba da tafiya.